Labarin da Jalilu Ya Sayar

Ruwan sama ne ya kawo Jalilu kantin maganin da Samiratu take aiki a unguwar Maamobi, a birnin Akra. An ɗauke wuta tun hantsi, babbar kwata ta cika tana amai a titi, sai ga wani dogon saurayi ya faɗo kantin jagab, ya rungume wani abu a ƙarƙashin rigarsa kamar wanda ya sato jariri.

"Salamu alaikum. Don Allah 'yar'uwa, na ji injinku yana aiki. A ba ni aron soket."

"Wa alaikumus salam. Nan magani muke sayarwa."

"Ai shi nake nema. Ga marar lafiyar nan." Ya zaro wata tsohuwar kwamfuta da aka ɗaure murfinta da salatif.

Samiratu ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙi ba ta haɗin kai. Ta nuna masa bayan firji. Ya tsuguna ya jona, ruwa yana ɗiga daga gemunsa, ya hau dannawa kamar ana bin sa.

"Wane irin aiki ne wannan da ba ya jiran ruwa ya tsaya?"

"Rubutu nake sayarwa, Dokta."

"Ni ba dokta ba ce."

"Kin ceci rai yanzun nan, a gabana."

Ya yi mata bayani. Akwai wani shafi a intanet da kowa zai iya buɗe asusu ya rubuta abin da ya sani da Turanci. Masu shafin su jera talla a gefen rubutun. In mutane suka buɗe suka karanta, masu talla su biya shafin, shafin ya gutsura wa marubuci nasa.

"In ba wanda ya buɗe fa?"

"Sai ka sha ruwa, ka yi alwala da sauran."

Ana cewa so ta ido yake shiga. Wataƙila ga wasu. Jalilu ba wani abin kallo ba ne, wuyansa kamar na zalɓe. Samiratu ta kunne nata ya shiga, domin ta daɗe rabon da ta ji kanta tana dariya. Da yamma saƙonsa ya iso:

"Dokta, marar lafiyarki ya farfaɗo. Amma mai shi ya kamu. Me zai sha?"

Ta rubuta: "Farasitamol, da aikin yi."

"Na sha na farkon. Na biyun babu a kasuwa."

Daga nan kantin ya zama ofishinsa duk ranar da aka ɗauke wuta, kuma a Maamobi wannan ba baƙon abu ba ne. Yakan karanta mata abin da ya rubuta: yadda ake dama koko mai yaji, yadda kakanni suka biyo goro daga Arewa har suka kafa Zongo, unguwannin Hausawa a Ghana, yadda telolin unguwar Nima suke kwana kan keke in Salla ta matso. Rubutu mai daɗi. Sai dai daɗi ba shi ke jawo masu karatu ba. Da ya gama kowane ɗaya, yatsansa ya riga ya saba: ya kwafi adireshin, ya watsa a duk wani zauren wasaf da yake ciki, na marubutan Kenya da Indiya masu buɗe-nawa-in-buɗe-naka, na tsofaffin 'yan ajinsu, da na majalisar samarin lungunsu da suke kira bes. Abokansa su buɗe don kara, ba tare da sun karanta ba.

Da magana ta yi nisa, kawun Jalilu ya kai goron gaisuwa gidan Alhaji Gajere, mahaifin Samiratu. Alhaji mai sayar da darduma da carbi ne a Zongo Lane, mutum mai kaifin harshe da tsabtar riga. Ya karɓi goron, amma bai raba wa dangi ba. Ya ajiye shi a ganyensa, ya ce a turo masa yaron.

"Ina shagonka?" ya tambaya.

"Baba, aikina a kwamfuta yake."

"Na ji. Ina ƙofarsa? In 'yata ta kwanta ciwo, ina zan aika a kira ka? Wa zai ce mini ga wurin surukinka can?"

Jalilu ya sunkuyar da kai.

"Ba korarka nake ba. Ka nuna mini wannan abin yana ɗora tukunya, mu yi magana. Ka sani dai ba kai kaɗai kake sallama a gidan nan ba."

Gaskiya ya faɗa. Akwai Saddique, mai kantin firji da fanka a Adabraka, kanti mai ƙofar gilas da sunansa a sama. Mutumin kirki ne, ba shi da laifi sai cewa in yana magana Samiratu takan tuna ba ta kwashe shanya ba.

Tun daga ranar Jalilu ya rage dariya. Yana rubutu har idonsa ya yi ja, masu karatu dai suna nan jiya-i-yau.

Wata Lahadi ya raka ta Kasuwar Malam Atta sayen geron koko, domin mahaifiyarta Mma Abibata koko take sayarwa a bakin lungunsu, a wani ɗan kiyos mai shuɗin fenti. Da suka gama, Samiratu ta sa aka auna mata dawa daban.

"Ita kuma dawar ta mece ce?"

"Ta tattabarun Yaya Ramadan."

"Yayanki na Libiya? Yaushe zai dawo ne, in gaishe shi? Ko shi zai tsaya mini wurin Baba."

Samiratu ta tsaya cak a tsakiyar masu tura baro. Ta ja shi gefe, bayan rumfar wata mai manja, ta ajiye kayan. Abin da ta riƙe shekara da shekaru ya zubo gaba ɗaya.

Ramadan bai taɓa isa Libiya ba. Motarsu ta mutu a sahara bayan Agadas. Wani da ya tsira shi ya bugo wa Alhaji waya, ya ce da hannunsa ya rufe shi da yashi. Samiratu tana kusa lokacin, ta ji komai. Alhaji ya kama hannunta ya sa ta rantse: Mma tana da hawan jini, wannan labari zai kashe ta. Tun daga nan, lokaci-lokaci Alhaji yakan dawo daga kasuwa ya ce Ramadan ya bugo, yana gaishe ta, layin ne ba kyau. Mma ta ce Allah ya yi masa albarka, ta hau saman rufi ta watsa wa tattabarunsa dawa. Ba a yi masa salla ba, ba a yi addu'a ba, ko ƙosai ba a raba ba.

A Zongo muna kiran wannan tausayi. A ɓoye wa tsoho mutuwa, a ɓoye wa marar lafiya sunan ciwonsa, kowa yana tafiya a kan yatsu. Ba a cika tambaya ba ko wa ake tausayawa, wanda aka ɓoye wa ko wanda ba ya son ganin kuka.

"Ni nake auna mata jini kullum da safe," in ji Samiratu. "Ina ɗaura mata abin a hannu tana tambayata, wai ko ana sanyi a Libiya yanzu. Jalilu, na gaji. Ban taɓa faɗa wa kowa ba."

Ya ɗauki buhun geron ya ɗora a kafaɗa. Idonsa ya cika. "Daga yau mu biyu ke ɗauke da shi, Sami na."

Da gaske yake lokacin da ya faɗa. Wannan shi ne abin takaicin.

Labarin ya hana shi sakat. Ya zauna ya rubuta shi, wai don ya sauke daga ƙirjinsa. Da ya karanta sai ya ga bai taɓa rubuta abu mai kyau irinsa ba. Ya tuna Alhaji da tambayar ƙofa, ya tuna gilashin Saddique. Ya ce wa kansa ai Turanci ne, ai shafin na ƙasar waje ne, su Mma ko harafi ba sa karantawa. Ya canja sunaye, ya cire Maamobi ya sa wata unguwa a Akra. Amma ya bar kokon, ya bar shuɗin kiyos, ya bar tattabaru, domin su ne ran labarin. Ya sa masa take: uwar da take ciyar da tattabarun ɗanta ba ta san yana ƙarƙashin yashi ba. Ya tura. Sannan yatsan nan ya yi abin da ya saba, ya watsa adireshin a kowane zaure, har da na bes.

Wannan karon aka karanta. Aka karanta a Nima, aka karanta a Kumasi, 'yan Zongon da ke Jamus da Amurka suka yi ta tura wa juna suna kuka. Samiratu ba ta san komai ba, sai dai saƙon da ya turo mata:

"Dokta, ƙofa ta fara buɗewa. Ki ce wa Baba ya kusa raba goro."

Ta amsa: "Allah ya sa, Malam Labari. Me ka rubuta haka?"

"Zan faɗa miki in mun haɗu."

Ba su haɗu ba. Da safe Samiratu tana taya Mma ƙulla koko a leda kafin ta wuce aiki, mutane sun yi layi, sai ga maƙwabciyarsu Hajiya Wadia ta taho da mayafi a ka, tana share ido tun daga nesa.

"Abibata, ashe haka Allah ya yi? Jiya 'yata Fusena ta turo mini saƙon murya daga Jamus, ta fassara mini duka, ban runtsa ba. Allah ya jiƙan Ramadan, ya sa yashin nan ya zame masa dausayi. Wallahi mun daɗe muna jin ƙishin-ƙishin, muka ga ba ku ce komai ba muka yi shiru. Yanzu tunda surukinku ya fitar a intanet, na ce bari in zo kafin a ce ban zo ba."

 Mma tana riƙe da ludayi. Ta ƙarasa zuba wa wanda ke gabanta, ta ƙulla ledar, ta miƙa masa. Ta goge hannunta a zane. Ta zauna a kan benci a hankali, sannan ta sulale gefe.

A asibiti aka ce jinin ya hau sosai, amma Allah ya tsare, bai taɓa mata jiki ba. Samiratu tana zaune a barandar ɗakin mata lokacin da ta buɗe rubutun. Ga kalmominta nan, waɗanda ta faɗa a bayan rumfar mai manja, har da tambayar sanyin Libiya. A gefensu ana tallan man gashi da tikitin jirgi.

Kafin azahar Alhaji ya sa aka mayar wa kawun Jalilu goronsa a ganyensa. Jalilu ya zo asibitin, Alhaji ya tare shi a ƙofa. Bai ɗaga murya ba.

"Na tambaye ka ina shagonka. Yanzu na gani. Ashe a cikin gidana ka buɗe shi."

Wayar Samiratu ta yi ta ƙara, ta ƙi ɗauka. Sai saƙo:

"Sami na, na canja sunaye. Wallahi ban zaci zai dawo gida ba. Don mu na yi."

Ta daɗe tana kallon saƙon kafin ta rubuta: "Na ba ka ka taya ni ɗauka, ka kai kasuwa. Kada ka sake kira na Sami."

Ya goge rubutun a ranar, ya rufe asusun gaba ɗaya da duk abin da ya tara a ciki. Bai amfana komai ba. Wasu shafukan sun riga sun kwafe, wani ma ya karanta shi a bidiyo da kiɗa mai taushi a ƙasa. Abin da aka saka a wannan wuri ba a kwaso shi.

Aka sallamo Mma. Ta daina fita kiyos, ta daina hawa rufi, ta daina magana sai i da a'a. Ba ta yi kuka ba. Alhaji ya hana kowa ambaton sunan Ramadan a gidan, wai kada a tayar mata. Masu zuwa ta'aziyya a zaure ake tare su a sallame su. Gidan ya koma kamar ɗakin jira.

Saddique yana zuwa da lemo da madara, yana zama da Alhaji. Wata rana ya ce wa Samiratu, da kyakkyawar niyya, "Ni fa na daɗe da sanin maganar Ramadan. Amma kin ga ni na iya bakina." Ta dube shi. Ta yi tunanin zama da mutumin da ya iya bakinsa har ƙarshen rayuwa, a gida irin wannan, sai ta ga ba za ta iya ba. Duk da haka ba ta ce a'a ba. Ba ta da ƙarfin cewa komai.

Abin da ta kasa faɗa wa kowa shi ne, tun ranar da Hajiya Wadia ta yi maganar nan, wani dutse ya sauka daga ƙirjinta. Ta daina ƙarya da safe. Tana jin haushin Jalilu har cikin ƙashinta, tana kuma jin kunyar wannan sauƙin.

Damina ta ja baya. Wata Alhamis tana kanti saƙo ya shigo daga lambar da ta goge amma ba ta manta ba.

"Samiratu, ba don ki amsa na rubuto ba. Na sayar da kwamfutar. A Nima in na wuce sai a yi shiru, mahaifiyata ta daina zuwa biki saboda ni. Na yi magana da mai hanya, mai kai mutane Libiya, ranar Asabar za mu kama hanyar Arewa, daga can Agadas. Baba ya yi gaskiya, ba ni da ƙofa. Ki roƙa mini Mma gafara in ta samu sauƙi. Abin da na yi miki ba shi da suna."

Ta karanta har ƙarshe. Ta rufe kantin ba tare da ta nemi izini ba. A gida ta tarar da Mma a kan darduma, ta durƙusa a gabanta, ta karya dokar Alhaji.

"Mma, Jalilu zai bi hanyar da Yaya Ramadan ya bi."

Karon farko ke nan da aka ambaci sunan a gabanta. Mma ta ɗago kai.

"Je ki kira mini shi. Ki ce ya zo da abin da ya rubuta."

Bayan la'asar Jalilu ya shigo tsakar gidan, ya rame har rigarsa tana lilo a jikinsa. Alhaji ya miƙe tsaye.

"Wa ya ba wannan izinin taka mini gida?"

"Ni," in ji Mma. "Zauna, Alhaji. Duk duniya ta ji labarina ban da ni. Kai, karanta. Ka juya mini da Hausa, kada ka tsallake komai."

"Abibata, jininki."

"Jinina nawa ne."

Jalilu ya tsuguna nesa da tabarma, ya nemo rubutun a wayarsa, a ɗaya daga shafukan da suka kwafe.  Ya karanta motar da ta mutu, da ruwan da ya ƙare, da hannun da ya tura yashi. Mma ta rufe ido tana saurare. Da ya kai inda ya ce uwar tana hawa rufi kullum da asuba tana duban hanya, cike da fatan ɗanta zai dawo, sai ta ɗaga hannu.

"Nan ka yi ƙarya."

Kowa ya dube ta.

"Ba hanya nake duba ba. Can nake zuwa in yi kukana, inda ba wanda zai gani ya kawo mini ƙwaya." Ta juya ga mijinta. "Alhaji, ni na haifi yaron nan. Ko Kumasi ya je ya bugo waya, kafin ya tambayi lafiyata sai ya tambayi tsuntsayensa. Kai kuma ka yi ta kawo mini gaisuwa mai tsabta, yana gaishe ki, yana gaishe ki. Tun ta biyu na gane."



"To me ya sa ba ki faɗa ba, Mma?" in ji Samiratu, hawaye yana bin fuskarta.

"Na ga ubanki yana tsaye ne da wannan ƙaryar kamar sanda. Na ce in na zare zai faɗi. Ku kuna tsare ni, ni ina tsare ku, ɗana yana kwance ko Fatiha babu. Abin da ya kayar da ni a kiyos ba labarin ba ne. Jin sunansa na yi da Allah ya jiƙansa a haɗe, a bakin mutum, a fili. Shekaru ina jiran wannan."

Jalilu ya kifa goshinsa a ƙasa. "Mma, ki yafe mini."

"Kada ka ɗauka alheri ka yi mini. Ka kwashi hawayena ka kai wa mutanen da ban sani ba, suna kallo suna cin abinci. Wanda ya kamata ya faɗa mini ga shi nan zaune. Nawa na yafe, don ina so in sadu da ɗana da zuciya fara. Amma amanar ba tawa ka ci ba. Ga mai ita nan."

Ta sake juyawa ga Alhaji, muryarta ta sauka.

"Ka tuna abin da ka ce wa Ramadan? Yana gyaran waya a kan tebur a bakin titi, yana kawo cefane, ka ce tebur ba shago ba ne, ka ce sa'o'insa suna turo kuɗi daga Turai. Ya tafi. Yanzu ga wani ka tambaye shi ƙofa, jibi zai tafi neman ta a sahara. Shi ma uwa gare shi. Wa zai riƙa kai mata gaisuwa, kai?"

Alhaji Gajere, wanda ba a taɓa ganin hawayensa ba ko ranar da aka binne mahaifinsa, ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Kukan da ya fito daga bayan hular har maƙwabta sun ji. Ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri. Mma ta matsa kusa da shi, ta fara nata.

Samiratu ta fita zaure, Jalilu ya biyo ta ya tsaya daga nesa.

"Ranar da ka tura, ka san ba daidai ba ne?"

"Na sani."

"Ba wai ka zaci Turanci zai ɓoye ba?"

"Wannan abin da na faɗa wa kaina ne don in iya dannawa. Na sani, Samiratu. Shi ya sa ban nuna miki ba, alhali komai ke nake fara karanta wa."

Da ya kawo uzuri, da ta juya ta shige, kuma da labarin ya ƙare a nan. Ta tsaya tana murza gefen mayafinta.

"Ban yafe ba tukuna."

"Na ji."

"Amma ba inda za ka. Ka je ka faɗa wa mai hanyar nan mahaifiyarka tana da sauran amfani da kai. Ranar Lahadi za a yi wa Yaya addu'a, ana bukatar mai ɗaukar benci."

Aka yi addu'ar Ramadan yadda ake yi wa kowa. Aka toshe lungu da rumfa, malamai suka sauke Alƙur'ani, aka raba wainar masa da ƙosai da goro. Jalilu ya ɗauki benci, ya ɗebo ruwa, ya wanke tukwane, mutane suna ratsa shi ba gaisuwa. Bai ɗaga kai ba. Kawunsa ya so ya kawo gudummawa, Mma ta ce a gode masa, amma ba a wannan hidimar ba.

Saddique da kansa ya janye, cikin mutunci, da ya ga inda idon yarinyar yake zuwa in an sauke tukunya. Jalilu ya samu koyarwa a wata makarantar kuɗi a Nima, albashin ba ya kai ƙarshen wata. Da kyar ya sake haɗa wata kwamfutar ta hannu, ya buɗe sabon asusu, ya koma rubuta koko da teloli, masu karatu kuma suka koma 'yan tsirarun da. Kada wani ya ce gaskiya ta yi masa arziki. Ba ta yi ba.

Watanni suka shuɗe kafin wata rana, an ɗauke wuta, saƙo ya shigo masa:

"Malam Labari, injinmu yana aiki. Soket ɗin yana nan."

Ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa: "In zo, Dokta?"

"Ka zo. Ka ce wa kawu ya nemi sabon goro, wancan ya bushe."

Bayan Babbar Salla aka ɗaura auren a masallacin lungu. Ba a yi kiɗa mai yawa ba, lefen ma ba wanda ya yi ta zancensa. Alhaji da kansa ya ba da ita, da liman ya tambayi sana'ar ango don raha, ya ce, "Malamin makaranta ne. Yana kuma rubutu." Ya faɗi na biyun kamar mai haɗiye magani, amma ya faɗa.

Da yamma, kafin a raka amarya ɗakin da suka kama a Nima, aka kawo su gaban Mma. Samiratu ta durƙusa, lalle ya yi baƙi a hannunta, tana kuka a cikin mayafi. Mma ta kama hannun 'yarta ta sa a na Jalilu, ta riƙe su duka biyun da ƙarfi.

"Kai, abin da ta faɗa maka a ɗaki, na ɗaki ne."

"In sha Allahu, Mma."

"Ke kuma, da kai duka. Zaman aure ba ya rasa baƙin labari. Ciwo zai zo, rashi zai zo. In ya zo, ku tako da ƙafarku ku faɗa mini da bakinku, ranar da ya faru. Kada wanda ya sake tausaya mini." Ta sake su. "Ku tafi. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya mai jin ƙanku, ya sa kuna tare har tsufa."

Matan da ke tsakar gidan suka amsa da amin, wata ta rangaɗa guɗa. Aka fita da amarya, Mma tana tsaye a bakin ƙofa tana kuka a gaban kowa, ba wanda ya ce ta daina.